Ƙofar jami'a da ɗiyan talakawa: labarin Amurka

Yau hirarmu za ta kai mu ƙasar Amurka. Ku matso kusa da rediyo.

Jami'a ita ce makaranta ta ƙoli. Can ake koyon aikin likita da na alƙali. A manyan jami'o'i wuri kaɗan ne, masu so da yawa. To, wa za a ɗauka, wa za a bari?

A Amurka an bautar da baƙar fata har shekarar 1865. Bayan nan, jihohi da yawa suka ware ma ɗiyansu makarantu daban, marasa kayan aiki. Sai a 1954 babbar kotun ƙasa ta hana wannan wariya. A 1965 shugaba Jonson ya kawo misali. Mutumin da ya daɗe cikin mari, ba a kwance shi yau a ce ya yi tsere da sauran mutane. Saboda haka manyan jami'o'i suka fara duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, don su tallafi waɗanda aka bari baya.

Abin ya yi amfani. Ɗiyan baƙar fata da yawa sun zama likitoci da lauyoyi. Amma gardama ta tashi. A jihar Kalifoniya, wata makarantar likitoci ta ware wuri 16 cikin 100 don ƙananan kabilu. Wani farar fata mai suna Bakke ya kai ƙara, ya ce an tauye shi. A 1978 kotu ta hana ware adadi, amma ta yarda a duba launi tare da sauran abubuwa. A watan Yuni na 2023, babbar kotu ta hana duba launin ma. Shekara guda bayan haka, a jami'ar kimiyya ta MIT, sababbin ɗalibai baƙar fata suka ragu daga 13 cikin 100 zuwa 5.

Ku lura da abu guda. Wannan tallafi a bakin ƙofa aka riƙa yin shi. Sai yaron da ya iso ƙofar ya same shi. Ɗan talaka da ya bar makaranta tun yana ƙarami, bai san ana yi ba.

Jihar Tekzas ta gwada wata dabara a 1997. Ta ce a kowace makarantar sakandare, ɗalibai 10 na gaba cikin 100 suna da wuri a jami'ar jiha. Ta haka makarantar ƙauye da ta unguwar talakawa suka samu rabo. Amma ko a nan, sai yaro ya gama sakandare tukuna.

Ƴan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi. Hanyar jami'a daga ajin farko take farawa. Kai da ka koyi karatu bana, kana iya duba littafin ɗanka da dare. Ke ma kina iya hana a fid da ɗiyarki daga lakkol.

Ga tambaya ku tattauna da malaminku: a garinku, a wane aji yara suka fi barin lakkol, kuma don mi? Ku rubuto mana amsa da hannunku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.