Ɗanmaraya Jos da B.B. King: Amanar da Makaɗa Suka Bar Mana



A shekarar 2015 duniya ta yi rashin manyan makaɗa biyu cikin makonni kaɗan. Ran 14 ga Mayu B.B. King, sarkin kiɗan bulus na Amurka, ya rasu. Ran 20 ga Yuni kuma Allah ya yi wa Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos rasuwa.

Wanda ya dubi rayuwarsu zai ga kamanni. An haifi King a jihar Misisifi a 1925, ya tashi yana aiki a gonakin auduga, sa'an nan ya ɗauki jita ya riƙa bayyana baƙin cikin baƙar fata matalauta. Shi ko Ɗanmaraya, an haife shi a 1946, iyayensa suka rasu tun yana jariri, ya tashi a Bukuru a hannun sarkin garin. Kuntiginsa gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, alhali sauran mawaƙa na bin ƙofofin sarakuna da attajirai. Ya kuma ja kunnen iyaye game da auren dole. Dukansu biyu sun ɗauki kukan talaka sun kai shi inda muryarsa ba ta isa.

To, ga inda muka bambanta da Amurkawa. Tun King na raye, a 2008, aka buɗe gidan tarihi da sunansa a garin Indiyanola, aka adana kayansa da labarinsa. Mu kuwa da yawa daga cikinmu da muka yi boko, makaɗi maroƙi ne kawai a idonmu. Mukan ji daɗin kiɗansa a gidan biki, washegari mu manta da sunansa.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira Sarakunan Baba. Ƙasa mai tarihi irin wannan ba ta rasa masu garaya da kukuma da gurmi a ƙauyukanta. Kowane tsohon makaɗi ya kwanta dama, yakan tafi da waƙoƙin da babu wanda ya rubuta, kuma babu mai dawo mana da su.

Saboda haka ina roƙonku, idan an yi hutu, kowa ya nemi makaɗi ɗaya a garinsu, a Rano ne ko a Kibiya. Ya zauna gabansa da ladabi, ya nemi izninsa, ya ɗauki muryarsa da waya, ya rubuta sunansa da na wanda ya koya masa. Mu tara abin da muka samu mu miƙa wa sashen Hausa na jami'armu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an adana ta.

Allah ya ji ƙan magabatanmu.