LIKITA MILA: TAURIN KAI DA BANGASKIYA
Jawabin Fasto a ranar bikin cikar ikkilisiya shekara hamsin

 Muna tunawa da 'yan'uwanmu da ba su sami zuwa ba, waɗanda rashin zaman lafiya na ƙasar Sabon Birni da Isa ya warwatsa, wasu suna Sakkwato, wasu sun ƙetara Gidan Rumji da Maradi. Allah ya komo mana da su lafiya.

Kwamitin jubili ya roƙe mu mu yi magana a kan iyayenmu na farko cikin bangaskiya. Lokacin da muke tattara tarihin da ke cikin wannan ɗan littafi, wani dattijo ya ja mu gefe ya ce, "Fasto, ranar biki ce, a faɗi na kirki kawai, sauran a rufe." Mun gane nufinsa, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma da muka kwana da maganar, sai muka ga Littafi Mai Tsarki bai yi wa manzanni wannan rufi ba. Saboda haka za mu fara da labarin wani mutum da ya rasu tun kafin a haifi yawancinmu, don kada kowa ya ga kamar da shi ake. Daga nan sai mu komo gida.

Sunansa Walter Miller, Hausawa suna ce masa Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, ya ba da kansa ga mishan ta C.M.S. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus ya zauna cikin Hausawa fatake da alhazai don ya koyi harshenmu. A can ya haɗu da wani yaro, Abdul Majid Tafida, wanda daga baya ya zama kamar ɗansa. A 1900 su biyar suka taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka yi ta tafiya har Kano. Sarkin Kano Aliyu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, ɗaya daga cikinsu ya mutu a can, shi kansa Mila ciwo ya mayar da shi gida. A Girkun nan kuwa Walter Gowans na S.I.M. ya mutu a 1894. Duk mai lissafi da ya ce wannan ƙasa ba ta karɓi baƙi ba, a haƙura. Mila ya sake dawowa, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

To, 'yan'uwa, me ya dawo da shi? Za mu ce bangaskiya, kuma gaskiya ne. Amma bangaskiyar ta sami mutum mai taurin kai ne, wanda in ya sa gaba ba mai juya shi. Mu Gobirawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan hali ba. Ba banza ba ake ce mana Gobir gidan faɗa, abokan wasanmu Yarbawa da ke zaune a nan ma ga su suna murmushi.

Wannan hali da ya riƙe shi, shi ne kuma ya wahalar da mutanen da ke kewaye da shi. Waɗanda suka rubuta tarihin aikin bishara a Arewa sun nuna mutum ne mai wuyar sha'ani, mai son a bi tasa, wanda zama ƙarƙashinsa ba sauƙi. Bakinsa da alƙalaminsa suna da kaifi. Ya yi ta sukar sarakuna, ya yi ta sukar Turawan mulki 'yan ƙasarsu. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda a zamaninsa Mila ya sami wurin zama a birni, Mila ya yi ta kai ƙararsa a kan zaluntar talakawa, kuma ƙararrakin nan suna cikin abin da ya sa Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Ba za mu ce tsaya wa talaka laifi ne ba, annabawa sun yi. Amma a ganinmu akwai yadda ake faɗin gaskiya ƙofa ta zauna a buɗe, akwai kuma yadda ake faɗinta a rufe ƙofar har ga waɗanda za su zo bayanka. Masu mulki ba su huta ba sai da aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa a 1929. Mila bai so wannan ƙaura ba ko kaɗan. Ya bar wa sababbin ma'aikata wurin, ya koma Kano. A 1935 ya ajiye aikin C.M.S. ɗungum.

Kada mu tsallake labarin Gimi. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa, har aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, da ake kira Isawa, suka watsu. A 1913 wasu daga cikinsu suka nemo Mila a Zariya, kuma aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi. Murna ta yi murna, gama ga Hausawa da kansu sun zo neman bishara. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga ƙauyen ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka rage aka kwashe su zuwa Zariya. Ku dubi wannan da kyau: likita ne, ga garkensa yana ƙarewa a gabansa, ba shi da maganin da zai tsayar. Da yawa daga cikinmu da nan muka tsaya muka ce Allah bai yarda da aikin ba. Shi bai tsaya ba. Daga zuriyar Isawan nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Daga gidajen Kiristocin Zariya kuma aka sami Likita R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa.

Ga kuma abin da ya fi shafarmu. Shekarun da ya yi yana fama da mutane, yana kuma fama da kalmomi, yana neman yadda Bahaushe zai faɗi alheri da fansa da tuba. Shi da abokan aiki na sauran mishan suka gama fassara, aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Aikin fassara yana son mutumin da zai kwana a kan kalma ɗaya ya ƙi sakinta sai ta zauna daidai, wato mai taurin kai. Da wannan Littafi aka yi wa iyayenmu wa'azi a nan, kafin sabuwar fassara ta fito. Mila ya rasu a Bukuru a 1952, a ƙasar da ya ƙi bari.

Ana cewa hali zanen dutse ne. Mu masu bi mun san Ruhu Mai Tsarki yana sāke mutum, amma mu faɗi gaskiya, ba ya gama aikin rana ɗaya. Bitrus da ya sare kunnen Malkus a gonar Jatsaimani, shi ne ya yi musun Ubangijinsa a daren nan. Za mu ce ai wannan kafin Fentikos ne. To, bayan Fentikos fa? A Antakiya ya janye daga cin abinci da al'ummai don tsoron mutane, har Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a, kamar yadda muke karantawa a Galatiyawa sura 2. Bulus ɗin kansa ya yi gardama mai zafi da Barnaba a kan Markus har suka rabu. Sai a ƙarshen ransa ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus ɗin, gama yana da amfani a gare shi. Abin da muka lura da shi, Bitrus ya yi kuka, Bulus ya sake neman wanda ya ƙi. Hali bai ɓace ba, amma bai hana su juyowa ba.

Yanzu mu komo gida. Manyanmu sun san mai bisharar da ya fara tara mu a ƙarƙashin rumfar kara, ba nisa da kufan Alkalawa. Yakan taka da ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye, ya yi noma da hannunsa don kada ya nawaita wa kowa, ya koya wa iyayenmu karatu da fitilar ƙwai. An kore shi ya dawo, an ƙona rumfar ya sake kafawa. Ba don shi ba da ba mu zauna a nan yau ba. Amma manyanmu sun kuma san zafin zuciyarsa. Sun san gidan da ya tsawata wa maigidansu a tsakiyar sujada a kan maganar da ta kamata a yi a zaure, suka tashi suka fita, ba su sake shigowa ba. Mu da muka gaje shi muka ce ba mu muka yi ba, muka bar maganar ta kwana shekara da shekaru. Wannan shirun laifinmu ne, ba nasa ba, gama shi ya riga mu gidan gaskiya, mu kuwa muna wucewa ta ƙofar gidan nan kowace ranar kasuwa.

Saboda haka dattawa sun zauna sun yanke shawara. Kafin ƙarshen wannan wata za mu tafi gidan, Fasto da dattawa biyu da shugabar Zumuntar Mata, mu gaishe su, mu roƙi gafara a madadin ikkilisiya. Ba mu san yadda za su karɓe mu ba, kuma ba za mu je da sharaɗin sai sun dawo ba. Muna roƙon ku riƙe wannan tafiya cikin addu'a. Wanda kuma ya san wani gida dabam da aka ɓata wa rai a cikin shekarun nan hamsin, ko mu da kanmu ne muka ɓata, ya sami magatakarda bayan an tashi ya faɗa masa, za mu sa shi cikin tafiyar.

 Ubangiji ya albarkace ku. Amin.