Jawabi A Kan Masu Gadi Uku Da Kowace Kwamfuta Ke Bukata



An ɗora mini nauyin in yi bayani a kan tsaron kwamfuta, domin a yau 'yan kasuwarmu na nan unguwa, ko ɗan canji ne, ko dillalin shanu, ko mai goro, da yawa lissafinsu da sirrin asusunsu na banki suna cikin na'ura. Wanda ya shiga na'urarka, to aljihunka ya shiga. Masu gadinta kuwa uku ne, kowa da aikinsa.

Na farko shi ne katangar tsaro, wadda masu sana'ar ke kira fayawol. Kwamfuta tana magana da intanet ne ta wasu ƙofofi masu lamba, ita kuwa katangar tana rufe duk ƙofar da ba a bukata, tana hana baƙo shigowa ba izini. A shekarar 2003 wata cuta mai suna Blaster ta riƙa shiga kwamfutoci ba tare da mai su ya taɓa komai ba, haɗa na'ura da intanet kawai ya isa. Daga 2004 sai kamfanin Microsoft ya sa katangar Windows XP ta riƙa zuwa a kunne. Amma fa ku lura, katanga ba ta binciken kayan da mai gida ya shigo da su da kansa.

Wannan aikin na biyu ne, wato manhajar kashe ƙwayar cuta. Ita ce ke duba kowane fayil, ko daga filashi ya zo ko daga wasiƙar imel, ta gwada shi da alamomin cututtukan da aka sani. Matsalar ba sabuwa ba ce: tun 1986 cutar Brain ta fito daga birnin Lahore na Pakistan ta hanyar faifai, a shekarar 2000 kuma ILOVEYOU ta bazu daga ƙasar Filifin cikin wasiƙa mai kama da ta soyayya. Tun da kullum ana ƙirƙiro sababbi, manhajar da ba a sabunta ta ba kamar mai gadi ne da ya san fuskokin ɓarayin bara kaɗai.

Na uku shi ne mai farautar 'yan leƙen asiri. Ɗan leƙen asiri ba ya ɓata komai, shi ya sa ba ka ganin alamarsa. Zama yake shiru yana rubuta duk abin da ka buga, har da lambar sirrinka, yana aika wa maigidansa. Sau da yawa a cikin manhajar kyauta yake maƙalewa, kai da kanka ka danna cewa ka yarda. Saboda shi ne aka fito da irin su Ad-Aware da Spybot, Microsoft ma ya fitar da Windows Defender a 2006. Daga Windows 8 a 2012, Defender ya haɗa aiki na biyu da na uku.

Ke nan mai Windows 11 yana da masu gadin duka uku. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar suna kunne, domin wasu masu gyara kan kashe su don su saka manhajar sata, su kuma bar su a kashe. In ka karɓo na'urarka daga gyara, ka sa a nuna maka a gabanka.

Sai gargaɗi huɗu. Kada ka kunna manhajar kashe cuta biyu lokaci guda, don ba a sarki biyu a gari ɗaya. Za su yi ta karo, na'ura ta yi nauyi. Kada ka ƙi sabunta Windows: WannaCry da ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila a watan Mayu na 2017, tun watan Maris aka fitar da facin da ke toshe hanyarta, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku sani an daina yi wa Windows 7 faci a Janairun 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025. Ka ajiye kwafin lissafinka a wani faifai dabam wanda ba ya jone da na'urar. Na ƙarshe, babu manhajar da za ta cece ka in wani ya bugo waya da sunan banki, kai kuma ka karanta masa lambar da aka turo maka.

Matasanmu masu ilimin nan, don Allah ku bi shagunan iyayenku ku duba musu. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.