Wuta da Cefane: Jawabina a Taron Matasan Mazaɓu



Minti biyar aka ba ni, don haka ba dogon Turanci. Maganar wuta da cefane zan yi, domin a wurina magana ɗaya ce.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga wa 'yan Band A kuɗin wuta daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Wasu suka ce ai wannan na masu kuɗi ne. To kamfanin fulawa da na taliya fa? Can za su biya, nan za su ɗora mana.

Ku leƙa shagon unguwarku. Magidancin da a da yake sauke buhun shinkafa ya koma kwano, mai kwano ya koma gwangwani. Man gyaɗa a ƙulli, sukari a ƙulli, omo a ƙulli. Kuma wallahi mai sayen ƙulli-ƙulli ya fi kowa biyan tsada, in ka tara lissafin wata. Shi ma mai shagon ba daɗi yake ji ba. Rabin jarinsa na cikin littafin bashi, firjinsa ya zama akwatin ajiya, in ya shiga Singa sari, cinikin jiya ba ya sayo kayan yau. Kai, ko Shoprite da duk girmansa sai da ya rufe reshensa na Kano a Janairun 2024.

Ba mu manta Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta haura mako a duhu. Masu niƙa, masu ƙanƙara, masu walda, duk suka zauna. Mai hali ya kafa sola. Marar hali fa?

A nan siyasa ta shigo. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da tsara kasuwarta, wato ba wani gwamna da zai sake ce mana sai Abuja. An ma taɓa gwadawa: a 2018 an haɗa wa shaguna sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Saboda haka duk ɗan takarar da zai nemi mu manna masa fosta, har da namu na gida, ya fara ba mu a rubuce: kasuwa nawa zai sa wa sola, injin niƙa nawa, cikin wata nawa. Taliya biyu ta ranar zaɓe ko kwana uku ba ta yi.

Shugabannin matasa, kowa ya ƙirgo mana injinan niƙa da shagunan da suka rufe a mazaɓarsa, ya kawo wa sakatare kafin zama na gaba.