Kowa da ƙofar da karatu ke shigar masa

 

Yau maganata kan waɗanda suka fara karatu tare da mu ne, kuma suka daina zuwa. Ranar buɗe santar tabarmi ba su isa ba. Bayan wata biyu sai ga gurbi nan, ga gurbi can. In an tambaya, sai a ce wane ba shi da kai. Ni ban yarda ba.

Ku manoma ne. Kun san gero yana son jigawa, dawa tana son ƙasa mai laka. Wanda ya shuka dawa bisa tudun rairayi bai samu ba, ba ya zagin iri. Ɗalibai ma haka suke. Aikin malami shi ne ya san kowane ɗaya.

A santar da na koyar akwai wani dattijo. Kullum can baya yake zama. Wata guda bai riƙe baƙi ko ɗaya ba. Ran nan na bi shi gida. Ya ce: "Malam, ni hazo nake gani a allonka." Ashe ido ne. Na maido shi gaba, kusa da fitila. Na riƙa rubuta baƙi kamar faɗin tafin hannu. Yau shi ke karanta lambar sikeli in ya kai wakensa awo.

Saboda haka, malamai, ga abin da za ku yi.

Mai raunin ido, a sa shi gaba. A goge allo sarai, a yi rubutu manya, a faɗi abin da ake rubutawa da baki.

Mai nauyin kunne, a dube shi in ana magana, don ya ga bakin malami. Kada a juya wa ɗalibai baya ana bayani. In darasi kan tiya ne, a kawo tiya a nuna.

Wanda hannunsa ya saba da hauya, kada a fara shi da biro. Ya fara da yatsa bisa rairayi, sa'an nan alli, sa'an nan kaye. Bahago kuma a bar shi da hagunsa.

Mai sauri, kamar wanda ya iya ajami, a zaunar da shi kusa da mai nawa, ya taimake shi. Wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, manya kuma suna biya wa ƙanana.

Wanda ya tashi da Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci, a nemi mai jin harshensa ya maimaita masa. Mutum ya fi gane abu cikin harshen da ya sha da nono. Don haka ne a 1973 aka buɗe lakkol ta gwaji a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa.

Mata kuma su zaɓi lokacin karatu da kansu, don su suka san lokacin daka da ɗiban ruwa. Mai goyo ta zauna bakin ƙofa, ta fita ta dawo ba kunya.

Yanzu sai ku, iyaye. A garinmu akwai makafin yara, da kurame, da waɗanda shan inna ta kama. Da yawa ƙoƙon bara muke ba su. Ku ji labarin Luwi Biray, mutumin Faransa, wanda aka haifa a 1809. Ya makance tun yana ƙarami. Yana saurayi ya shirya rubutu mai ɗigo shida, wanda ake karantawa da yatsa. Da shi makafin duniya ke karatu har yau. A Yamai akwai lakkol ta makafi da ta kurame.

Amma ba kowane yaro ne zai je Yamai ba. A 1994, a garin Salamanka na ƙasar Sipen, gwamnatoci 92 sun yarda lakkol ta karɓi kowane yaro tare da ƴan uwansa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin naƙasassu. Yaron da ba ya tafiya, kansa lafiya lau ne. A kai shi lakkol ta gari, ko bisa jaki ne. Mushe ba ya da ikon ƙyamarsa.

Ga aikin da na bar muku. Kowa ya tuna mutum ɗaya da ya bar santar. Ku same shi kafin Juma'a, ku tambaye shi abin da ya hana shi. Ku kawo amsa, mu zauna da malami mu gyara.

Allah ya ba mu sa'a.