Daga Macijin Nokia Zuwa Dara

Lacca ga ɗalibai Hausawa mazauna Riyad, a unguwar Ulaisha

 

A garin nan aka yi gasar kofin duniya ta wasannin kwamfuta a 2024, aka sa kyautar fiye da dala miliyan 60. Kafin nan, a 2023, kamfanin Savvy na Saudiyya ya sayi Scopely a kan dala biliyan 4.9. Matashi in ya ji irin waɗannan kuɗaɗe sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce harkar ta manya ce. Alhali a shekarun 1980 yaran ƙasar nan kwamfutar Sakhr suke jonawa da talabijin, su rubuta ƙananan wasanni da BASIC.

Saboda haka ku fara da ƙaramin abin da za ku iya gamawa. Ku ɗauki wasan macijin Nokia, wanda Taneli Armanto ya tsara a 1997.

Kowane wasa abu uku yake ta maimaitawa: ya duba maɓallin da ka danna, ya gusar da abubuwa, ya sake zana allo. Shi macijin kuwa jerin 'yan gidaje ne kawai. Duk taku ɗaya, sai ka ƙara gida a gaban kansa, ka goge na ƙarshen wutsiya, ido ya ga kamar tafiya yake. In ya ci abinci, kada ka goge wutsiyar, shi ke nan ya ƙara tsawo. In kan ya faɗa gidan da jikinsa yake, ko ya daki bango, wasa ya ƙare. Wanda ya rubuta wannan da hannunsa ya koyi jeri da sharaɗi da maimaici, kuma a kansu manyan wasanni ma suke tsaye.

Kada ƙaramar kwamfuta ta zama uzuri. A Space Invaders na 1978, dodanni suna ƙara gudu in sun ragu, don na'urar ta fi saurin zana su in ba su da yawa. Tomohiro Nishikado, mai tsara wasan, ya bar abin haka, ya zama daɗin wasan.

Wanda bai taɓa rubuta komai ba ya fara da Scratch, kyauta ne. Mai ɗan sanin Python ya ɗauki Pygame. PICO-8 kuwa launi 16 kacal yake ba ka, da gangan, don kada buri ya yi yawa.

In macijin ya kammala, ku juyo gida. Dara tana da gurabu 30, ana jera uku a ci ɗaya na abokin karawa, dokokinta kuma kun san su tun kuna yara. Ku rubuta ta da umarnin Hausa, ku tura wa ƙannenku a Kano da Maraɗi su gwada. Duk inda suka ce ba haka ake yi ba, ku gyara.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.