Kati a Hannu, Magani Babu
(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da wakilan ikilisiyoyi)



An roƙe ni in yi magana a kan inshorar lafiya. Bari in fara da gidana. Lokacin da likita ya ce sai an yi wa matata aiki, katinmu yana hannuna, ana kuma cire mini kuɗi daga albashi. Amma kwana uku muka yi muna jiran lambar izini daga kamfanin HMO. Asibiti ya ce kamfani, kamfani ya ce asibiti, ita kuwa tana kwance tana nishi. A ƙarshe bashi na ci.

Me ya sa haka? An kafa dokar NHIS a 1999, shirin ya fara aiki a 2005. A 2022 sabuwar doka ta mai da shi NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Kamfanin HMO shi ne ɗan tsakiya. Ana biyan asibitin da ka zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum, ko ka je ko ba ka je ba. Idan kuɗin ya makara ko ya kasa, sai a ce maka magani ya ƙare, ka je kemis ka saya.

To, ga abin da ya kamata ku riƙe. A shirin ma'aikatan tarayya, katin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya huɗu na cikinsu 'yan ƙasa da shekara 18. Maraya da kake riƙo da tsohuwarka ba sa ciki sai an yi musu rajista dabam. Kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai za ka biya. A 2025 kuma hukumar ta umarci kamfanoni su ba da lambar izini cikin awa ɗaya. Idan aka wuce haka, rubuta rana da lokaci, ajiye kowane rasidi, ka kai ƙara ofishin hukumar na jiharku.

Dattawa, roƙona gare ku ke nan. Mutanenmu da yawa daga ƙauye suke zuwa, ba su iya Turanci ba, suna jin tsoron yin tambaya. Mai jinya ba shi da ƙarfin gardama. Kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, ko nas ko malamin makaranta, waɗanda za su raka marar lafiya, su karanta takardu, su buga waya har a amsa. Zumuntar Mata kuma ta binciki gwaurayen da ba su da rajista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Matata ta warke, amma bashin ya kai ni shekara guda. Kada wani a cikinmu ya sake zama a wannan bencin shi kaɗai.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.